Jaji da Kududdufin Limawa

Jaji ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Miga, na uku a gidan manoma masu gero da dawa da 'yan awaki. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Abin da Allah ya ba shi ƙarfi ne. Tun yana saurayi, da an kai amfanin gona gida aka kafa dandalin kokawa, sunansa makaɗa ke fara kira. Shekara shida bayansa bai taɓa ƙasa ba a duk garuruwan da ke kewaye da su. A ta bakwai, a wata kokawa da aka yi a Taura, wani ƙato ya sunkuce shi ya maka da ƙasa, ya faɗi a kan ƙugu. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafar hagu ta tashi da ɗingishi. Daga ranar kokawa ta ƙare masa, sai dai kallo.

Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka ce Dutse ce babban birni, gari ya cika da aikin gini. A shekarar 1992 Jaji ya taho da matarsa Luba, tana goye da 'yarsu Radiyya. Ya kama hayar ɗaki ɗaya a Limawa, ya shiga leburanci, yau kwaɓa siminti, gobe ɗaukar bulo. Ɗingishin bai hana shi komai ba.

A bayan unguwar, daf da gindin wani dutse, akwai wani kududdufi da aka haƙa tun lokacin da ake ɗibar ƙasar gini. Da damina ya cika da ruwa da kwaɗi da sauro, da rani ya koma juji. Kullum in Jaji ya taso daga aiki sai ya ga samarin unguwa a kan dutsen, ba aiki ba wasa, wasu na zuƙar sholisho a tsumma. Ƙananan yara kuwa a bakin ramin suke guje-gujensu, don babu wani sarari sai nan. A daminar 1994 wani yaro ɗan shekara bakwai ya zame ya faɗa ciki. Jaji ne ya tsunduma, ya yi ta lalube a cikin taɓo har ya fito da shi, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Bayan sadakar bakwai, Jaji ya tafi wurin mai filin. Malam Abdulwahab ne, mai makarantar allo a unguwar, wanda ya gaji wurin daga mahaifinsa. Jaji ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, alfarma na zo nema. Ramin nan nake so ka ba ni in cike."

Malam ya ɗago daga rubutun da yake yi. "Ka cike ka yi me da shi? Gida za ka gina?"

"A'a. Fili zan yi wa yara. Su yi langa, su yi kokawa, su buga ƙwallo."

"Ikon Allah! Ni ina fama in raba su da wasa, kai kuma ka zo ka share musu wurin yi?"

"Allah gafarta Malam, yaro in bai gaji da wasa ba, da wani abin zai gaji. A leƙa kan dutsen nan da la'asar a ga abin da suke yi."

Malam ya ɗauki carbi yana ja. Ya san abin da ake yi a kan dutsen, don har da ɗan ƙanensa a ciki. Can ya ce ya yarda, amma da sharaɗi uku. Da an kira salla a tsaya. Ba caca. Na uku kuma, kada a kori yaro ko ɗan waye, mai riga da mara riga. Aka kira dattawa biyu suka shaida, aka shafa fatiha. Ba wanda ya yi zancen takarda.

Shekara uku Jaji ya yi yana cike ramin nan. Da baro na aro ya fara, da shebur ɗaya. In ya taso daga wurin gini sai ya wuce can har magariba. Ya riƙa bin direbobin tifa yana roƙonsu, in za su zubar da ɓaraguzan gini su kawo masa. Wasu su kawo, wasu su yi masa dariya. Abin da ya zuba da rani, damina ta haɗiye rabinsa.

Wata rana Luba ta ce masa, "Malam, matan unguwa fa cewa suke ka samu taɓi. Wai aljanin ramin ne ya kama ka ranar da ka shiga."

"Ke kuma me kika ce musu?"

"Na ce ko shi ne, ai aljani ne mai son aiki."

Daga baya ita ce ta bi gida-gida ta ce wa mata kowa ta riƙa aiko da tokar murhunta. A shekara ta biyu samarin kan dutse suka gaji da kallo, suka fara saukowa ɗaya-ɗaya suna karɓar shebur. Da rani na 1997 wuri ya zama shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Wani mai walda ya haɗa musu raga biyu da tsofaffin bututun ruwa. Jaji ya dasa darbejiya tara a gefen gabas, ya kewaye kowacce da ƙaya saboda awaki. Aka raɗa wa wurin suna Dandalin Zumunta, amma duk unguwa Filin Jaji take cewa.

Wanda ya ga filin nan a shekarun da suka biyo baya ba zai manta ba. Da an idar da la'asar wuri ya kacame. Tsakiya 'yan ƙwallo, yawancinsu ba takalmi. Gefe guda 'yan langa na tsalle da ƙafa ɗaya suna ture juna. A kan yashin da ya tara a kusurwa, Jaji na koya wa samari yadda ake kama abokin kokawa da yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Da darbejiyoyin suka yi inuwa, tsofaffi suka tona ramukan dara a ƙarƙashinsu, suka mai da wurin majalisa. Wani kafinta ya yi teburin ƙwallon tebur, aka kafa masa rumfar kwano. Da Radiyya ta tasa, ta tsare ubanta da cewa ai 'yan mata ma yara ne. Sai aka ware musu safiyar Alhamis da Juma'a, ranakun da babu makarantar allo, suna gaɗa da tsallen igiya da carafke, Luba na zaune tana lura da su. Ba wanda yake biyan komai. Da ladan ya ce Allahu Akbar, Jaji ya busa usur, ko ana shirin buga fanareti ne sai an tsaya. Kan dutse ya zama ba kowa sai ƙadangaru.

Da ƙarfin leburanci ya fara ja baya, sai ya koma sayar da rake a bakin filin. Da shi yake ci da iyali, idonsa kuma na kan yara. Luba kan ce a shekarun nan ne kaɗai ta ga mijinta ya yi ƙiba.

Cikin yaran da suka tashi a filin akwai Musaddiq, wani siriri mai fama da ciwon ƙirji, wanda ba ya iya gudu. Sauran yara ba sa son a sa shi a ɓangarensu. Jaji ya mai da shi gola, ya riƙa tsayawa bayan raga yana gaya masa inda zai faɗa. Da uban yaron ya so ya cire shi daga sakandare ya kai shi kasuwa, Jaji ne ya yi sawu uku gidansu har uban ya haƙura. Musaddiq ya yi karatu har jami'a, ya dawo ya sami aikin ofis. Ko a tsakiyar titi ya gamu da Jaji sai ya sauko daga babur ya durƙusa.

A shekarar 2011 wasu baƙi daga wata ƙungiyar agaji suka zo a farar mota. Suka zaga filin, suka ɗauki hotuna, suka yi ta jinjina kai. Suka ce za su gina ɗakin taro da ɗakin karatu, su haƙa burtsatse. Sai dai ba sa hulɗa da mutum ɗaya. Dole a yi wa dandalin rajista a matsayin ƙungiya, a kafa kwamitin amintattu na masu iya karanta takardun Turanci, a kuma mallaka wa sabuwar ƙungiyar filin a rubuce.

Musaddiq ya tsaya tsayin daka, kuma tsakani da Allah ya yi. Shi ya yi ta zirga-zirga har komai ya kammala. Lokacin Malam Abdulwahab ya tsufa, idonsa ya rufe. Aka kai masa takarda, aka karanta masa abin da ya sawwaƙa, ya dangwala yatsa. Da suka fito daga zauren, Jaji ya ja Musaddiq gefe.

"An rubuta sharuɗɗan Malam a ciki? Musamman na korar yaro?"

Musaddiq ya yi dariya. "Haba Baba! Wannan ai ba sai an rubuta ba. Wa zai kori yaro a filinka?"

Aka naɗa Musaddiq shugaban kwamiti. Jaji kuma aka ba shi muƙamin uban ƙungiya. A wurin taro shi ake sa wa kujera a gaba, shi ke buɗewa da addu'a. Daga nan sai magana ta juya rabi Turanci, yana zaune yana kallon bakin mutane har a tashi.

An buɗe ginin a 2013, kuma ba za a ce bai yi amfani ba. Mata suka sami kekunan ɗinki suna koyo, 'yan makaranta suka sami wurin karatu, unguwa ta sami ruwa. Jaji ya yi murna har da hawaye. Ya riƙa zagawa yana shafa bango, yana cewa wai nan ne inda kwaɗi suke kuka.

Bayan shekara biyu baƙin suka ce aikinsu ya ƙare, suka nufi wata jiha. Suka bar gini mai son fenti, janareto mai son mai, da injin burtsatse mai yawan lalacewa. Kwamiti ya zauna ya ce a riƙa ba da hayar ɗakin taron ga masu biki ranar Asabar da Lahadi, don wurin ya riƙe kansa. Jaji bai ga laifin haka ba. Amma masu biki da motoci suke zuwa, kuma wata Asabar ƙwallo ta fasa gilashin motar wani babban mutum. Aka hana wasa ranar biki. Aka ce kuma sai an yi katanga. Layin katangar ya bi ta kan darbejiyoyi, aka sare bakwai a yini ɗaya. Tsofaffin 'yan dara suka kwashe tsinkayensu suka watse, wasu ba su ƙara zama tare ba har suka mutu. A 2016 Malam Abdulwahab ya rasu. Shekara ba ta zagayo ba aka daɓe rabin filin ya zama wurin ajiye motoci.

Ragowar rabin aka shuka masa ciyawa, aka ɗauko koci, aka ce yanzu makarantar koyon ƙwallo ce. Sai wanda ya biya kuɗi aka yi masa kati zai shiga, kuma sai da takalmi da rigar wasa. Langa da kokawa ba wanda ya ce an hana, wuri ne kawai babu. Safiyar 'yan mata ma ta bi ruwa.

Wata la'asar Jaji ya iso da rakensa, ya tarar da yara kusan ashirin a bakin ƙofa, suna leƙe ta ƙasan ƙyauren ƙarfe. Mai gadi na tsaye da bulala. Jaji ya ce masa ya buɗe musu. Mai gadin ya ce, cikin ladabi, shi umarni aka ba shi. Jaji ya jingine raken, ya ɗingisa har ofishin shugaba.

Musaddiq ya miƙe tsaye. "Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Yara na gani a waje."

"Baba, ciyawar nan ba za ta ɗauki yaro ɗari biyu ba. Sati ɗaya za ta koma ƙasa."

"To ta koma mana! Da a kan me ka yi wasa?"

Musaddiq ya sunkuyar da kai. "Wallahi ban manta ba. Amma ka duba, Baba. Mata arba'in ke koyon ɗinki a nan. Yaranmu biyu an ɗauke su wasa a Kano. In muka buɗe ƙofa kamar da, masu biki za su gudu, injin ruwa ya tsaya, komai ya mutu. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza."

"Shekara goma sha huɗu muka riƙe wurin nan da tsintsiya da usur, bai mutu ba. Malam cewa ya yi ko ɗan waye, mai riga da mara riga. A gabana ya faɗa."

"Allah ya jiƙan Malam." Musaddiq ya ci gaba, "Amma ba ya cikin takarda, Baba. Kuma ba ni kaɗai ba ne kwamiti."

Jaji ya daɗe yana kallonsa. Ya so ya tuna masa wanda ya ce ba sai an rubuta ba, amma ya ga yaron ya riga ya tuna, don ya kasa ɗago ido. Sai ya juya ya fita.

Ya kai maganar gaban mai unguwa. Mai unguwa ya tambaye shi shaidu, dattawan nan biyu kuwa sun daɗe a ƙasa. Ya je wurin 'ya'yan Malam, suka ce su tunda mahaifinsu ya bayar, ba ruwansu. Ya bi tsofaffin yaran filin, waɗanda yanzu magidanta ne. Kowa ya ce wallahi Baba ba a kyauta ba, kowa kuma ya ce a yi haƙuri. Wasunsu a ɗakin taron aka yi bikin ƙannensu. Daga nan Jaji bai ƙara taka wurin ba.

Bai haƙura nan da nan ba. Ya samo wani kwari a bayan gari, inda gidaje ba su kai ba tukuna, ya sake aron baro. Lokacin ya kusa sittin. Luba ta ce masa, "Malam, jikin nan fa ba na da ba ne." Ya ce ya sani. Wata biyu yana sassabe yana cikewa, har yaran kusa sun fara zuwa da ƙwallon tsumma. Ran nan wani mutum ya tsaya da mota, ya nuna masa turakun siminti huɗu da ciyawa ta rufe. Ya ce fulotinsa ne, kuma ya gode da gyaran da aka yi masa. Jaji ya zaga wasu wurare uku, ko'ina da turaku. Dutse ta cika, babu ko taki ɗaya da ba shi da mai shi.

A aikin kwarin nan ne ƙugun ya tashi gaba ɗaya. Ya yi wata huɗu a kwance, da ya tashi kuma sai da sanda. Raken ma ya gagara. Ana cikin haka mai gidan hayarsu ya ce zai rushe ya gina shaguna. A 2021 Jaji da Luba suka ɗaure kayansu a bayan a-kori-kura, suka koma ƙauye. Radiyya, da ke aure a Dutse, ta raka su tasha tana kuka.

Wansa ya yanka masa gona, Luba da 'ya'yan wan suka noma. Shekarar farko an sami abin kaiwa baka. Ta biyu ambaliya ta shafe geron yana gab da nuna. Jaji ya tambayi ko har yanzu ana kafa dandalin kokawa bayan kaka. Aka ce ai an fi shekara goma rabon da a yi. Masu ƙarfin duk sun tafi acaɓa a manyan birane, waɗanda suka rage kuma suna shagon cajin waya, kowa ya duƙufa a kan tasa.

Radiyya kan zo duk bayan 'yan watanni. Da farko takan ɓoye masa labarin Limawa, amma shi ke tsare ta da tambaya. Ta ce yara yanzu a kan kwalta suke ƙwallo, in mota ta taho su dare, in ta wuce su koma. Ta ce kan dutse ya sake cika da samari, kuma yanzu ba sholisho ba ne, ƙwayoyi ne. Ta ce ɗanta na fari ya yi ta naci a yi masa kati, mijinta ya ce ba hali.

Bayan ƙaramar salla ta 2023, sai ga Musaddiq a ƙauyen, da buhun shinkafa da turmin atamfa na Luba. Ya durƙusa a gaban tabarmar Jaji kamar yadda ya saba. Bayan sun gaisa ya ce za a yi bikin cikar cibiyar shekara goma da kafuwa, kuma kwamiti na son uban ƙungiya ya halarta. Za a aiko da mota.

"Shekara nawa ka ce?"

"Goma, Baba. Daga ranar da aka buɗe ginin ake lissafi."

"To. Allah ya sa a yi lafiya."

"Za ka zo, Baba?"

"Ƙafa ba ta bari."

Musaddiq ya ɗan zauna. Luba ta kawo masa fura, ya kurɓa kaɗan. Da zai tafi Jaji ya sa masa albarka, ya tambaye shi ciwon ƙirjin, ya ce ya riƙa kula da sanyi.

Ranar bikin mota ta zo, ta koma ba kowa. Radiyya ta ce an yi taro babba, an ambaci sunansa, an tafa. A wurin taron ne kuma aka ba da sanarwar cewa ɗaki ɗaya ya yi wa masu biki kaɗan, za a gina na biyu mai bene a inda ciyawar take. Yaran koyon ƙwallo za a riƙa kai su wani fili da mota. Kafin damina ta tsaya an fara haƙa harsashi.

Da ta gama faɗa, Jaji ya ci gaba da tufkar igiyar da ke hannunsa, don yanzu ita ce sana'arsa, yana tufka Luba na kai wa masu awaki ranar kasuwa.  Can ya ɗago ya ce rana ta iso inda yake, a zo a kama shi a gyara masa tabarma. Radiyya da uwarta suka kama shi, ɗaya a kowane gefe, suka matsar da shi jikin bango.